IN HANYA TA YANKE, TA INA SAƘO ZAI ƁULLO BAUCHI?

Daga wakilinmu a Bauchi

Ranar Alhamis 14 ga watan Maris na shekarar 2024, ana cikin kwanakin farko na watan azumi, manyan wayoyin sadarwa guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace kusan lokaci guda daura da gaɓar Abidjan, a ƙasar Kwaddibuwa. Wayoyin nan su ne WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kuma ta cikinsu ne kaso mai yawa na zirga-zirgar intanet tsakanin Afirka ta Yamma da ƙasashen Turai yake bi. Tsakanin inda abin ya auku da kasuwar Wunti ta birnin Bauchi akwai tafiyar kwanaki a mota, amma kafin a sha ruwa a ranar, ɗan kasuwa mai jiran a turo masa kuɗin kayansa, da mai sana'ar POS da ke zaune a ƙarƙashin lema, da magidancin da ya fito cefanen buɗa-baki, sun ji abin a jikinsu kamar sauran jama'ar ƙasa. Bankuna da dama sun fito sun ba abokan hulɗarsu haƙuri.

Sai dai akwai abin lura a nan. Duk da girman wannan ɓarna, Nijeriya ba ta yanke daga duniya ƙat ba, kuma wasu ƙasashe irin su Kwaddibuwa da Laberiya sun fi mu shan wuya. Dalili kuwa shi ne akwai waɗansu wayoyin teku da abin bai shafa ba, musamman Glo-1 da kuma Equiano ta kamfanin Google wadda ta iso Legas a 2022. Su aka ɗora wa kayan har aka yi makonni ana gyaran waɗanda suka lalace. Wannan dabara ta tanadin hanyar ko-ta-kwana, wadda saƙo zai bi in hanyarsa ta kullum ta yanke, ita ce za mu duba a wannan mako, tare da matsayin Bauchi a cikinta.

YADDA SAƘO KE TAFIYA

Duk wanda ya taɓa zuwa tashar Muda Lawal ya ba direba saƙo ya riga ya san rabin wannan ilmi. In saƙon na Maiduguri ne kuma babu motar da za ta je kai tsaye, sai a rubuta sunan mai shi da garinsa a jiki, a ba motar Potiskum, can kuma a miƙa wa wata. Mai saƙo ba ruwansa da yawan motocin da suka ɗauka, muddin kayan sun isa hannun mai su.

To, haka intanet take aiki. Idan mutum ya aika hoto ko murya ko kuɗi, wayarsa takan yayyanka saƙon ƙanana-ƙanana, kowane yanki da adireshin inda za shi. Yankunan nan sukan tashi daga waya zuwa turken sadarwa, daga nan su shiga wayar faiba, watau zaren gilashi mai ɗauke da haske, har su iso wata na'ura mai raba hanya wadda ake kira rauta. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ta duba adireshi, ta duba jerin hanyoyin da take riƙe da shi, ta tura yankin zuwa zango na gaba. Kowace rauta tana gaisawa da maƙwabtanta a kai a kai. Da zarar wata ta yi shiru, sai sauran su ɗauka hanyarta ta mutu, su goge ta daga jeri, su koma kan wadda ke biye da ita. A cikin kamfani guda da ya shirya kayansa sosai, wannan sauyi yakan auku kafin ƙiftawar ido, har mai magana a waya ba zai san an yi ba.

Asalin wannan tunani ya samo tushe ne a Amurka a zamanin zaman ɗar-ɗar tsakaninta da Tarayyar Sobiyet. Wani injiniya mai suna Paul Baran ya nuna a rahotannin da aka buga a 1964 cewa tsarin tarho mai uwa ɗaya, wanda kowace waya sai ta bi ta tsakiya, bugu ɗaya ya ishe shi. Amma in aka saƙa hanyoyin kamar ragar kamun kifi, kowane zango yana haɗe da uku ko huɗu, to ko an ragargaza wani sashe saƙo zai sami inda zai ratse. A Ingila kuma Donald Davies ya zo da irin wannan tunani na yayyanka saƙo. A kan wannan harsashi aka kafa ARPANET a 1969, wadda daga baya ta haifi intanet.

MAI SHIGA TSAKANI

Akwai wani nau'in ko-ta-kwana da mai karatu yake amfani da shi kullum ba tare da ya sani ba. A ce wata uwa a unguwar Jahun ta kira ɗanta da ke karatu a Sakkwato ta WhatsApp. Akan fara gwada haɗa wayoyin biyu kai tsaye, domin ita ce hanya mafi kusa. Amma sau da yawa hakan ba ya yiwuwa, saboda kamfanonin waya sukan tara dubban masu layi a bayan adireshi guda, kamar babban gidan gandu mai zaure ɗaya. Na ciki yana iya fita ya yi sallama a wani gida, amma baƙo ba shi da ikon kutsawa ya nemi ɗakin wani. In duka biyun suna cikin irin wannan gida, sai kowannensu ya fita ya nufi wata babbar kwamfuta da dukansu suka sani, ita kuma ta riƙa karɓar maganar wannan tana miƙa wa wancan. Da yake muryar a kulle take da mabuɗin da wayoyin biyu kaɗai ke da shi, mai shiga tsakanin ɗaukar kaya kawai yake yi, bai san abin da ke ciki ba. A 2023 ma kamfanin ya ƙara wani zaɓi da mutum zai ce duk kiransa ya bi ta wannan zango, domin kada wanda yake magana da shi ya gano adireshinsa.

Amma fa kowane zagaye da farashinsa. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda a cikin zaren gilashi, kuma duk da haka zuwa Landan da dawowa daga Legas yakan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. In kuwa aka bi ta irin tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, to jinkirin yakan wuce rabin daƙiƙa, shi ya sa masu magana suke ta cin karo da juna. Don rage irin wannan yawo ne aka kafa cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, watau IXPN, a 2006. Kafin nan saƙon da ya tashi daga wani kamfani a Nijeriya zuwa wani kamfanin a Nijeriya yakan je Turai ko Amurka tukuna ya dawo, kamar mai zuwa Yalwa daga Wunti ya ce sai ya biya ta Kano. Cibiyar ta fara ne a Legas, daga baya ta buɗe rassa a Abuja da Fatakwal da Enugu da Kano.

DA TSOHUWAR ZUMA

Ƙasar nan ta daɗe tana ɗanɗana kuɗar dogaro da hanya ɗaya. Dattawa za su tuna da gobarar da ta kama dogon benen kamfanin NET da ke Marina a Legas cikin watan Janairu na 1983, a lokacin da kamfanin ne ke riƙe da sadarwar Nijeriya da ƙasashen waje. A 1985 aka haɗe shi da sashen tarho na Gidan Waya aka kafa NITEL. Har zuwa 2001, lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasa ba su wuce kimanin 400,000 ba.

A ƙarshen watan Yuli na 2009 kuma, lokacin da SAT-3 ce kaɗai wayar faiba ta teku da yankin ke taƙama da ita, ta sami matsala ta wajen Jamhuriyar Benin. Rahotannin lokacin sun ce Nijeriya ta rasa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin intanet ɗinta, Nijar da Togo da Benin kuwa abin ya fi muni. Bayan wannan ne MainOne, wadda Funke Opeke ta kafa, da Glo-1 suka soma aiki a 2010, WACS da ACE suka biyo baya a 2012. Sai aka ɗauka an rabu da Bukar. Abin da ya faru a 2024 ya nuna akwai sauran aiki, domin wayoyi huɗu da aka lissafa a matsayin hanyoyi huɗu ashe a wannan yanki na teku kusa da juna suke kwance. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna wani motsi ne a ƙasan teku ya jawo ɓarnar. Hanyoyi huɗu da suka ratsa ta gada ɗaya, ranar da gadar ta karye sun zama hanya ɗaya.

INA BAUCHI TA TSAYA?

Tun da Malam Yakubu ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, Bauchi gari ne mai ƙofofi, kuma har gobe manyan tituna suna fita daga cikinsa ta kowace kusurwa: na Jos, na Kano ta Ningi, na Maiduguri ta Darazo da Potiskum, na Gombe ta Alkaleri, da na Dass. Direbobi sun san amfanin wannan. In ruwa ya cinye hanyar Gombe, akan zagaya ta Darazo da Dukku. Tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru, amma an isa, kuma Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. A daminar 2024 ma da ambaliya ta yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum, zagaye ne ya ceci matafiya.

Wayar faiba ita ma akasari gefen irin waɗannan tituna take bi a binne, wata kuma akan rataya ta a kan manyan turakun lantarki. Daga Bauchi zuwa bakin teku a Legas, inda mafi yawan wayoyin ƙasashen waje suke sauka, akwai fiye da kilomita 1,000, kuma a kowane taƙi akwai abin da zai iya samun wayar: katafila mai aikin titi, mai haƙa kwalbati, zaizayar ƙasa, gobarar daji, ko ɓarawon da ya zaci tagulla ce a ciki. Alƙaluman da hukumomi suka bayar sun nuna an yanke wayar faiba fiye da sau 50,000 a Nijeriya a 2024, kuma kimanin 30,000 daga ciki ayyukan titi ne suka jawo. Ranar 28 ga Fabrairu na wannan shekarar, makonni biyu kafin abin da ya faru a teku, masu layin MTN a sassan ƙasa sun yi sa'o'i ba sabis, kamfanin kuma ya ce an yanke masa wayoyi ne a wurare da dama.

Shi ya sa injiniyoyi suke shimfiɗa faiba a zagaye kamar zobe. In gari yana kan zobe, aka yanke ta gabas, sai saƙo ya juya ta yamma. Garin da yake a ƙarshen reshe kuwa, yankewa ɗaya ta raba shi da duniya. Da yawan titunanta, Bauchi tana da damar zama mahaɗar zobba ga dukan Arewa maso Gabas. An ma taɓa ganin irin wannan a aikace ta wata fuska: a watan Mayu na 2013, da aka rufe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa saboda dokar ta-ɓaci, mutane sun riƙa yin tattaki zuwa garuruwan jihohin maƙwabta, har da na jihar Bauchi, don kawai su buga waya su shaida wa 'yan'uwa suna nan da rai.

DARASI DAGA WUTAR LANTARKI

Babu inda wannan magana ta fito fili kamar a harkar wuta, wadda ita ma raga ce mai zanguna. A watan Afrilu na 2024 ɓata-gari suka kayar da manyan turaku huɗu na layin 330kV da ya tashi daga Jos zuwa Gombe, wuta ta ɗauke a jihohin Arewa maso Gabas. Abin da kamfanin TCN ya yi shi ne ya nemi tura wuta zuwa Gombe ta ƙaramin layin 132kV da ya bi ta Bauchi. Watau a wannan karo Bauchi ce zangon ko-ta-kwana. Sai dai ƙaramin layi ba zai ɗauki kayan babba ba, don haka abin da ya isa ɗan kaɗan ne, aka yi ta karɓa-karɓa har aka tsayar da turakun.

Bayan wata shida kuma aka ga ɗaya fuskar. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, saboda haka Arewa ta koma dogaro da layin da ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir kusa da Makurdi, ya wuce Jos. Ranar 21 ga Oktoba shi ma ya faɗi, aka kwashe fiye da mako guda akasarin Arewa tana cikin duhu. Masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara sun yi asara, turakun sadarwa kuma suka koma kan janareto da batir dare da rana. Darasin a bayyane yake: ranar da aka hau hanyar ko-ta-kwana, daga ranar ba a da wata ko-ta-kwana, sai an gaggauta gyara ta farko.

SAI DA AMANA

Akwai kuma batun amana. Tsakanin kamfani da kamfani, rautoci suna shaida wa juna hanyoyin da suke da su ne ta wata ƙa'ida mai suna BGP, wadda Yakov Rekhter da Kirk Lougheed suka tsara a 1989. A asalinta ƙa'idar ta ginu ne bisa yarda: in wani ya ce yana da hanyar zuwa wuri kaza, sai a gaskata shi. Ranar 12 ga Nuwamba na 2018 wani kuskure da aka yi a Legas wajen saita na'urorin MainOne ya sa aka yi shelar hanyar zuwa Google ba daidai ba. Wani kamfanin ƙasar Sin ya karɓi shelar ya yaɗa, sai ga saƙonnin mutane daga sassan duniya suna karkata ta Rasha da Sin, suna ɓacewa a hanya, har tsawon minti 74. Kamfanin ya amsa cewa kuskure ne, ya gyara. Wannan ya nuna cewa wanda ya zagaya da kayansa ta wani zango ya ba mai zangon amana, saboda haka ya kamata a san ko wane ne shi tun kafin ranar buƙata.

ABIN YI

Mutanenmu ba su jira injiniya ya koya musu wannan dabara ba. Waya mai layi biyu ta zama ruwan dare, mai POS kuma da wuya ka same shi da na'ura ɗaya ko asusun banki ɗaya, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Amma a sani cewa kamfanoni da yawa haya suke yi a kan turke guda, kuma wani lokaci wayoyinsu a rami guda suke kwance. In janareton turken ya tsaya, ko katafila ta tone ramin, layi biyun tare za su mutu.

Saboda haka duk wata ma'aikata da rayuwar jama'a ta rataya a kanta, ko asibiti ce, ko banki, ko jami'a irin ta Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko cibiyar da ɗalibai ke rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta, ya kamata shugabanninta su yi wa masu kawo musu intanet tambayoyi uku. Ta farko, hanya ta biyun ta wane titi ta shigo gari, kuma ta haɗa rami ko turke da ta farko? Ta biyu, in an juya mata dukan kayan za ta iya ɗauka, ko kuwa sai an zaɓi abin da ya fi muhimmanci? Ta uku, yaushe rabon da a kashe ta farkon da gangan a gwada ta biyun? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tauraron ɗan'adam ma yana da rawar takawa, tunda shi ba ruwansa da rami: akwai NigComSat-1R na gwamnati da aka harba a 2011, ga kuma Starlink da ya soma aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, wanda taurarinsa ke shawagi a nisan kimanin kilomita 550 kawai. Tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, amma ba ta fi ƙarfin babbar ma'aikata ba.

Ta ɓangaren hukuma an ɗan motsa. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta bayyana shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a kan kimanin 35,000 da ake da su. A 2025 hukumar NCC ta amince masu layin 9mobile su riƙa hawa kan turakun MTN a inda nasu bai kai ba, wanda shi ma wani salon ko-ta-kwana ne.

Abin da ya rage ga jihohi irin Bauchi shi ne su sa ido a kan taswirar wannan aiki, su tabbatar zobba aka zana musu, kuma Azare da Misau da Ningi da Jama'are ba a bar su a ƙarshen reshe ba. Ya kamata kuma a sauƙaƙa kuɗin izinin haƙa, a wajabta wa ɗan kwangilar titi ya nemi masu waya kafin ya sa katafila, masu unguwanni da dagatai kuma su san abin da ke binne a ƙasarsu domin su taya tsaro. Albashin ma'aikaci, da kuɗin hatsin manomi, da jarrabawar ɗalibi, da kiran mai naƙuda cikin dare, duk a kan wannan siririn zare suke tafiya yanzu, kuma yankewarsa ba ta sallama. Allah Ya sa masu abin su ji, su kuma yi tanadi tun da sauran rana.